MASAI DA RIJIYA: ABIN DA YA KAMATA MANOMI YA BINCIKA KAFIN YA SA A FARA HAƘA

Sanin kowa ne cewa da zarar kaka ta yi, an sayar da riɗi da barkono da shinkafa, to, hankalin manomin da Allah ya buɗa wa yakan koma wajen gini. A 'yan shekarun nan kuwa abin ya wuce soron ƙasa da rufin kwano. Yau sai ka tarar da gidan bulo a bakin gona, da ɗakin baƙi, da ban ɗaki irin na ruwa kamar na birni. Wannan abin a yi murna ne. Amma akwai wata tambaya guda wadda ba safai ake yin ta ba, watau ina ne ƙazantar da aka kora da ruwa za ta tafi?

Abin da aka saba gani shi ne magini ya tambayi maigida inda za a haƙa rami, shi kuwa maigida ya nuna masa bayan ɗaki, don kada kuɗin bututu ya yi yawa. Rijiyar gidan kuwa tana nan taku goma sha biyu daga wurin, domin ita ma an haƙa ta ne inda mata ba za su sha wahalar ɗauko ruwa ba. Ba wanda ya yi mugun nufi a cikinsu. Sai dai ƙasar da ke tsakanin ramukan nan biyu ita ce za ta yanke hukunci a kan lafiyar yaran gidan, ga shi kuwa ba wanda ya ɗebi ko tafin hannu ɗaya nata ya duba.

Ba ƙaramin al'amari ake magana a kai ba. Cikin shekarar 1971 cutar kwalara ta fara yi wa ƙasar nan mummunar ɓarna, kuma tun daga lokacin ba ta rabu da ita ba. A shekarar 2021 Hukumar Yaƙi da Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa ta lissafta mutum fiye da 111,000 waɗanda ake zaton sun kamu, sama da 3,600 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Fiye da rabin waɗanda suka kamu ɗin sun fito ne daga jihohi huɗu kawai: Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara. Kwalara, da zazzaɓin taifot, da atini, da wani nau'in ciwon shawara, duk hanyarsu ɗaya ce, watau daga bayan gidan wani zuwa bakin wani, ruwan sha kuwa shi ne babban jakadansu.

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2019 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana yin bayan gida a fili, a shekarar 2022 kuma aka ba Jihar Jigawa shaidar zama ta farko da ta cika wannan sharaɗi. Ma'anar wannan ita ce an haƙa masai masu ɗimbin yawa a ƙauyuka, ana kuma ci gaba da haƙawa. Hakan daidai ne, domin masai ko yaya yake ya fi bayan gari. Amma fa masai da aka haƙa a inda bai dace ba yana iya ɗauke ƙazanta daga inda ido ke gani ya kai ta inda guga ke shiga.

YADDA TANKI KE AIKI

Mutane da yawa suna zaton tankin masai na zamani yana kashe ƙwayoyin cuta. Ba ya kashewa. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras shi aka fi danganta wa ƙirƙiro shi, kuma a shekarar 1881 ya sami takardar mallakar dabarar. Aikin tankin bai wuce na randar da aka zuba wa ruwan gulbi aka bar shi ya kwanta ba. Abu mai nauyi yana sauka ƙasa, mai maiƙo yana tasowa sama, wasu ƙananan halittu da ke rayuwa ba tare da iska ba suna narkar da abin da ya kwanta. Ruwan da ya rage a tsakiya shi ne ke fita ta bututu ya shiga rami na biyu, wanda magina ke kira sokawe. Wannan ruwa yana iya zama kamar ya washe, amma cike yake maƙil da ƙwayoyin cuta.

To, wa ke tace shi? Ƙasa ce. Idan ruwan ya riƙa tsattsafewa sannu a hankali ta cikin ƙasa mai iska a tsakanin ƙwayoyinta, sai ƙwayoyin cutar su maƙale, wasu su mutu don daɗewa, wasu kuma halittun da ke cikin ƙasar su cinye su. Amma da zarar ruwan ya isa matakin da ƙasa ta cika da ruwa, watau inda mai haƙar rijiya ke cewa ya taɓo ido, to, tacewa ta ragu ƙwarai, ƙazantar kuma ta shiga ayari, ta bi ruwan ƙarƙashin ƙasa duk inda ya nufa.

A nan ne ya kamata a yi wa wata al'ada ta wasu magina tsawa. Sukan bar gindin tanki ba siminti, ko su bar ƙofofi a jikin bulo, su gaya wa maigida cewa ta haka ramin ba zai taɓa cika ba. Shi kuwa maigida har alfahari yake yi a majalisa cewa shekara goma ke nan bai kira masu kwasa ba. Da ya tsaya ya yi tunani kaɗan, da ya tambayi kansa inda abin shekara goman nan ya tafi.

Birnin Landan ya ga irin wannan a shekarar 1854. Kwalara ta ɓarke a wata unguwa mai suna Soho, ta kashe mutum fiye da 500 cikin kwana goma. Wani likita, Dokta John Snow, ya bi gida gida yana ƙidayar mamata, ya gano yawancinsu famfo ɗaya suke sha, ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Daga baya wani limamin coci, Henry Whitehead, ya gano cewa a wani gida da ke daura da famfon an wanke tsummokaran wata jaririya mai gudawa an zuba ruwan a ramin ƙazanta. Da aka tone, sai aka tarar tsakanin ramin da rijiyar bai kai ƙafa uku ba, ginin bulon kuma ya ruɓe. Masu shan ruwan nan har yabonsa suke yi don daɗinsa.

KOWACE ƘASA DA HALINTA

Manomi ba baƙo ba ne wajen sanin ƙasa. Ya san jigawa, ya san fadama, ya san fako da marmara da dabaro, ya kuma san inda gero ke so da inda dawa ke so. Abin da ake bukata kawai shi ne ya juya wannan ilmi nasa ya dubi masai da shi.

Ƙasa mai yashi zalla, irin ta jigayin arewacin Katsina da Jigawa da Yobe, tana shanye ruwa nan da nan. Magini yana son ta, domin sokawe ba ya cika. Amma saurin nan shi ne aibinta, don ruwan yana wucewa kafin a tace shi, musamman inda yashin ya gauraya da tsakuwa. Ga kuma haɗarin ruftawar rami idan ba a ɗaure bakinsa da gini ba. Laka kuwa, irin baƙar ƙasar nan ta fadama ko firgin da ke kusa da Tafkin Chadi, halinta akasin haka ne. Tana riƙe ruwa kamar kasko. Sokawe a cikinta kan cika ya tumbatsa, ruwan ya dawo tsakar gida inda yara ke rarrafe, kaji suna tonawa. Wadda ta fi dacewa ita ce ta tsakiya, gaurayen yashi da laka, wadda ba ta riƙe ruwa, ba ta kuma sake shi da gudu.

Gane ta ba wuya. A ɗebi ƙasa daga zurfin da ramin zai kai, ba daga sama ba, a jiƙa ta kaɗan a dunƙula. Idan ta ƙi dunƙuluwa, yashi ne. Idan ta dunƙulu, aka murza ta tsakanin babban yatsa da manuniya ta miƙe doguwa kamar igiya tana sheƙi, laka ce. Idan kuwa ta dunƙulu amma ta karye tun ba ta yi tsawon gaɓar yatsa biyu ba, an dace.

Sa'an nan akwai abin da ke ƙarƙashin ƙasar. Ƙasashen Kano da Zariya da Kaduna da yawancin Bauchi suna zaune ne a bisa tsohon dutse mai tauri, wanda ruwa ke bi ta cikin tsagoginsa. A wasu wurare ƙasar da ta rufe shi tana da kauri, a wasu kuwa ƙafa biyar kawai za a haƙa diga ta fara ƙara. Ruwan da ya faɗa tsagar dutse ba abin da ke tace shi, tamkar ya shiga bututu ne, yana iya yin tafiyar da a cikin ƙasa mai laushi sai ya shekara bai yi ba. Haka nan kewayen Sakkwato, inda ake samun farin dutsen nan na Kalambaina da ake yin siminti da shi. Ruwa yana cin irin wannan dutse ya yi hanyoyi a ciki. Daga Gumel da Haɗejiya zuwa Barno kuwa labarin ya sake, domin can yashi da laka ne suka kwanta hawa hawa, sai wanda ya haƙa ne zai san wanda ya taras.

ZURFIN RUWA: A AUNA DA DAMINA

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne na lokaci. Da rani ake gini, domin a lokacin ne ake da kuɗi da sarari. A watan Maris ko Afrilu mutum zai haƙa ƙafa goma sha biyu ya tarar da ƙasa a bushe ƙamas, ya ce alhamdu lillahi. Ya manta cewa a watan Agusta rijiyar maƙwabcinsa har da hannu ake ɗiban ruwa. Ramin da ya bushe da bazara yana iya zama tsundum cikin ruwa wata uku a kowace shekara, kuma watannin nan su ne daidai lokacin da amai da gudawa ke yawo.

Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da ita ita ce gindin rami ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi, watau wajen ƙafa biyar, a bisa matakin ruwa, kuma matakin da ake nufi shi ne na ƙarshen damina, ba na rani ba. Saboda haka wanda ke da niyyar gini baɗi, bana ya kamata ya ɗauki igiya ya ɗaura mata dutse ya auna rijiyoyin da ke kewaye da gonarsa cikin Agusta da Satumba. Ya kuma tambayi dattawa inda ruwa ya tsaya a shekarar da aka fi yin ruwa, kamar 2022 da ambaliya ta cinye garuruwa da dama a Jigawa. Masu haƙar rijiya da masu haƙar kabari sun san wannan fiye da kowa a gari, ba a dai cika tambayarsu ba ne.

Wanda kuma bai sami damar aunawa da damina ba, ƙasar kanta tana ajiye shaida. A haƙa ramin gwaji a dubi bangonsa. Ƙasar da ke shan iska duk shekara launinta ja ne ko ruwan ƙasa bai ɗaya. Inda ruwa ke kwanciya na 'yan watanni kuwa sai a ga ta yi fari-fari kamar toka, da ɗigo-ɗigon ja kamar tsatsa. Dalili kuwa shi ne sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasa yana sake launi idan ruwa ya hana shi iska. Daga inda wannan dabbare-dabbare ya fara, nan ne ruwa ke kaiwa, ko da a ranar da ake dubawa ba ɗigo ɗaya. Itatuwa ma suna ba da labari, domin inda goriba da giginya suka yi yawa ba kasafai ruwa ke da nisa ba. Sai dai a yi hattara: ramin gwaji da ya wuce ƙirjin mutum ba a shiga cikinsa haka kawai, musamman a yashi, don ruftawa ba ta sallama.

GWAJIN SHAN RUWA

Akwai wani gwaji mai sauƙi wanda wani injiniya, Henry Ryon, ya fito da shi a Jihar New York ta Amurka cikin shekarun 1920, har yau kuma ana amfani da shi a ƙasashe da dama. Kayan aikinsa bokiti ne, da sanda, da ma'auni irin na tela, da agogo.

A haƙa ƙananan ramuka uku ko fiye a wurin da ake nufi, kowane faɗinsa kamar ƙafa ɗaya, zurfinsa daidai inda ruwan zai riƙa fita. A kankare bangon da wuƙa, don shebur yakan shafe shi ya toshe ƙofofin ƙasa. A zuba tsakuwa kamar inci biyu a gindi. Sa'an nan a cika da ruwa, a riƙa ƙarawa, a bar shi ya kwana. Wannan jiƙon na dare shi ne ran gwajin, kuma shi ne abin da mai gaggawa ke tsallakewa. Laka da ta bushe ta tsattsage da rani za ta shanye bokiti goma cikin ƙiftawar ido, mutum ya ɗauka ya sami ƙasa mai kyau, alhali kuwa tsagogi ne suka sha. Sai ta jiƙu ta kumbura tukuna take nuna halinta na gaskiya.

Da gari ya waye, sai a zuba ruwa inci shida a bisa tsakuwar, a gitta sanda a bakin ramin, a riƙa auna saukar ruwan kowane rabin sa'a har sa'a huɗu, ana mayar da shi inci shida bayan kowane awo. Awon ƙarshe shi ake ɗauka. Bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Amurka ta buga a shekarar 1957, idan inci ɗaya ya ɗauki fiye da minti 30 kafin ya sauka, ƙasar ba ta dace da sokawe mai zurfi ba. Idan ya wuce minti 60, ba ta dace da kowane irin ramin tsotsewa ba. In kuwa inci ɗaya ya ɓace kafin minti guda, to, ƙasar rariya ce, rijiya tana cikin haɗari.

Gwajin yana da iyakarsa. Yana faɗin saurin shan ruwa ne kurum, ba ya faɗin zurfin ruwan damina, ba ya kuma faɗin ko akwai dutse ƙafa biyu a ƙasa. Wanda ya yi shi ya bar ramin gwaji da awon rijiya, ya yi rabin aiki.

TAZARA

Cikin shekarun 1930 wata masaniya mai suna Elfreda Caldwell ta yi bincike a Jihar Alabama ta Amurka, inda aka haƙa masai aka kewaye shi da ƙananan rijiyoyi ana ɗiban ruwansu ana aunawa. An ga cewa ƙazantar ba ta bazuwa ko'ina daidai wa daida, tana bin inda ruwan ƙasa ya nufa ne kamar jela. Daga irin wannan bincike ne aka sami tsohuwar ƙa'idar mita 15 tsakanin masai da rijiya. Yau an fi ba da shawarar mita 30, watau kamar taku arba'in na babban mutum. A ƙasa mai tsakuwa ko tsagaggen dutse, ko wannan ma ba ta isa a saki jiki ba.

Ba tazara kaɗai ba, har da gefe. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan bi gangaren da na sama ke bi, daga tudu zuwa rafi ko fadama. Don haka rijiya a tudu, masai a gangare. Amma fa gangaren wani tudun wani ne, sai a leƙa bayan danga a ga inda rijiyar maƙwabci take. Haka kuma burtsatse ko rijiyar fadama da aka ɗora wa injin ban ruwa tana janyo ruwa daga kowane gefe yayin da injin ke aiki, har ta iya juyo da abin da a da gaba yake yi. 'Yan ƙwadago kuwa daga bakin mesar nan suke sha da tsakar rana.

A gona akwai ƙarin wani abu, shi ne sinadarin naitiret. Yana fitowa daga masai, da turken dabbobi, da takin zamani, ƙasa ba ta riƙe shi, ba shi da wari ko ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa miligiram 50 a lita ɗaya, saboda jarirai 'yan ƙasa da wata shida waɗanda ake dama wa madara da ruwan, domin yana hana jininsu ɗaukar iska har leɓɓansu su yi shuɗi. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da naitiret, sai ma ta ƙara masa ƙarfi yayin da ruwa ke ƙonewa. Gwaji kaɗai ke gane shi. Hukumomin samar da ruwa da tsafta a karkara na jihohi, da jami'o'i, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, su ne wuraren da za a nemi a auna ruwa, kuma ƙarshen damina ne lokacin da ya fi dacewa a kai.

IN ƘASA TA ƘI

Wanda gonarsa ta faɗi gwaji ba a ce ya koma bayan gari ba. A inda ruwa ke kusa, kamar ƙauyukan fadamar Haɗejiya da Nguru, ana ɗaga masai ne sama: a yi rami gajere, a gina bangonsa ya ɗara ƙasa da ƙafa uku ko huɗu, a tara ƙasa a kewaye, a yi matakala. Mai tanki kuma, maimakon sokawe ɗaya mai zurfin ƙafa goma sha biyar, sai ya ja dogayen kwalbatoci marasa zurfi, ya shimfiɗa tsakuwa, ya ɗora bututu mai huji, ruwan ya bazu a ƙasar sama inda iska ta fi yawa. Manomi ya fi mutumin birni samun damar yin haka, tun da fili ba ya yi masa wuya. Sai dai kada tarakta ko shanun huɗa su riƙa bi ta kai, kada kuma a shuka latas ko karas a wurin. In laka ta yi yawa, ana iya kwaso yashi a yi tudu a binne bututun a ciki. Akwai kuma masai mai rami biyu gajeru, ana amfani da ɗaya, in ya cika a rufe shi shekara biyu a koma ɗayan.

Gaskiyar magana kuma ita ce ba kowane gida ne ke bukatar ban ɗaki na ruwa ba. Masai na gargajiya mai murfi, ko mai bututun iska irin wanda Peter Morgan ya ƙirƙiro a Zimbabuwe cikin shekarun 1970, ruwan da ke shiga cikinsa kaɗan ne, saboda haka ƙazantarsa ba ta yin nisa kamar ta tankin da ake kora wa bokiti bayan bokiti.

Rijiyar ita ma tana da hakki. Sau da yawa ƙazanta ba ta ƙarƙashin ƙasa take shiga ba, ta baki take shiga: gugan da aka yar a taɓo, igiyar da awaki suka taka, ruwan wanki da ke komawa ta gefen gini. Daɓen siminti kewaye da baki, da murfi, da guga ɗaya da ake ratayewa, suna rage wannan ƙwarai.

A da, duba-gari ne ke shiga gida ya leƙa randa da masai, mutane suna jin tsoronsa fiye da ɗan doka. Har yanzu akwai ma'aikatan tsaftar mahalli a sashen lafiya na kowace ƙaramar hukuma, duba wurin haƙa masai kuwa yana cikin abin da aka koya musu. Manomin da ke shirin gini bayan kaka mai zuwa yana iya zuwa sakatariya ya nemi ɗaya daga cikinsu ya zo gona cikin watan Satumba, tun ruwa bai fara janyewa daga rijiyoyi ba.